Daga Fijo 504 Zuwa Tseren Mita 402: Tarihin Kuloci a Garejin Abuja

Kanikanci a Abuja ya ga zamani uku, kuma kowane zamani da irin tambayar da mai mota ke zuwa da ita a kan kuloci. Mutumin zamanin farko tambayarsa ita ce ko zai gyaru. Na biyu yakan tambayi kuɗin na Beljiyam, wato tsohon kayan da aka shigo da shi daga waje. Na uku kuwa, wanda muke ciki yanzu, da waya yake zuwa a hannu, ya nuna maka hoton wani faifai mai launi daga Amurka ko Japan, ya ce, “Baba, wannan nake so, wanda zai kai ni ofis ranar Litinin, ya kuma ci mini tsere ranar Lahadi.” A Kaduna na koyi aiki, a Apo na manyanta da shi, kuma duk tambayoyin nan uku na amsa su. Ta ƙarshen ce ta fi neman ilimi, domin amsarta tana cikin lissafin ƙarfin injin, da hanyar da motar ke bi kullum, da gaskiyar da mai motar zai yarda ya faɗa wa kansa.

Ga wanda bai taɓa ganin an sauke giyabos ba, ga yadda abin yake. Injin yana juya wani ƙaton farantin ƙarfe da ake kira fulawil. A jikinsa ake ɗaure murfi mai sifirin, a tsakaninsu kuma akwai faifai mai lainin a fuska biyu, wanda ke zaune a kan sandar giyabos. Murfin da faifan su ne ake saya a kasuwa da sunan dis da filet. Muddin ƙafa ba ta kan feda, murfin na matse faifan a jikin fulawil, injin da giya suna juyawa tare. Da ka taka, boris ya danna yatsun sifirin, matsin ya saki, sai su rabu. Wahalar duk tana cikin 'yan daƙiƙun da faifan ke zamewa kafin ya kama, domin a nan ne ƙarfin injin ke komawa zafi.

Zamanin Fijo

Masana'antar Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, a watan Fabrairun 1976 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni. Ke nan Abuja da 504 tare suka tashi. Fijo ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce ta mai rufin asiri. Da fadar gwamnati ta baro Legas ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka iso da jerin 504 da 505, makanikai daga Kaduna da Kano da Jos suka biyo sawu, 'yan kasuwar kayan gyara daga Nnewi da Onitsha suka kafa rumfuna.

Injin 504 mai lita biyu ƙarfin murɗawarsa bai wuce Nm 170 ba, kuma kulocin da aka yi masa ya ishe shi har da rara. A wancan lokaci ba a zubar da faifai don lainin ya cinye. Sai a kai shi Panteka, a fasa tsofaffin ribiti, a ɗora sabon lainin, a buga, ya koma bakin aiki. Maigida yakan koya wa yaro karanta faifai kafin ya koya masa ɗaure shi. In fuskar ta yi sheƙi kamar gilashi, direban mai ɗora ƙafa a kan feda ne. In ta yi danƙo, baƙin mai ne ke yoyo ta bayan injin. In gefe ɗaya ya fi ci, murfin ya karkace. Wannan karatu har yau shi ne jarin da ya fi kowane amfani a hannunmu. Abin baƙin cikin zamanin shi ne lainin ɗin na asbestos ne, yaran gareji na hure ƙurarsa da baki, ba wanda ya gaya musu tana lalata huhu.

Mun san labarin tsere tun a lokacin. Fijo 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ta sake ci a 1978, a gida kuma akwai tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. Amma duk wannan tseren juriya ne. Abin alfaharin direban tasha shi ne ya cika wagon da mutane da kaya, ya je Kano ya dawo, shekara ta zagayo ba a taɓa masa giyabos ba. Iyakar ƙarin ƙarfin da muka sani shi ne a nemo murfi mai taurin sifirin ga motar da ke shan lodi.

Zamanin Beljiyam

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tattalin arziki na SAP naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar shigo da tsofaffin motoci ta Kwatano ta buɗe. Golf, Honda Halla, Marsandi 190, Mazda, Nissan Sunny, Toyota Carina, duk suka cika titi, kuma waɗanda suka fito daga Turai akasarinsu manuwal ne. Bakanike da bai san komai ba sai Fijo ya wayi gari yana fuskantar kuloci iri ashirin. A nan muka haddace sunayen masu ƙera su: Valeo na Faransa, LuK da Sachs na Jamus, Aisin na Japan, da Daikin wanda ya koma Exedy a 1995.

Buga ribiti ya mutu a ƙananan motoci, ya rage sai a manya. Kwantena na sauke tsofaffin dis da filet a kasuwar Ladipo da ke Legas, su bazu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, da Zuba da Gudu da Apo a nan Abuja. Mutane suka fi yarda da tsohon na Beljiyam a kan sabo mai kwali, kuma suna da hujja, domin jabu ya cika kasuwa da sunan manyan kamfanoni a jikin kwalinsa. Har gobe araha ba ta ado a wannan fanni: faifan jabu ko dai lainin ya ɓare, ko sifirin ɗin tsakiya ya fita ya maƙale a murfi.

Wani abu da ya rikita gareji a wannan zamani shi ne fulawil mai ɓari biyu, wanda LuK ya fara fitarwa a 1985. Ɓari ɗaya na jikin injin, ɗaya na fuskantar faifai, a tsakaninsu akwai sifirin masu shanye girgiza. Da yawa daga cikin makanikai da suka ga yana motsi sai su ɗauka ya lalace, su kai wa mai walda ya haɗe shi. Mota takan tafi, amma girgizar da aka hana shi shanyewa sai ta sauka a kan giyabos, ga nauyin da ya karkata gefe ɗaya saboda waldar. An ɗauki shekaru kafin gareji ya gane cewa wannan motsi shi ne aikinsa.

Daga nan sai manuwal ya fara ja da baya. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin ma'aikata kuɗi, aka rage motocin ofis, kowa ya nemi tasa. Abin da kasuwa ta kawo kuwa Honda Accord ne da Toyota Camry na Amurka, masu laƙabi irin su End of Discussion da Big Daddy, kusan duka otomatik. Wanda ke fama da gosulon Nyanya da Mararaba safe da yamma ba zai ƙi hutar da ƙafar hagu ba. Kuloci ya koma na koren tasi, da Golf 3, da 406 na hanyar Kaduna da Kano, da bas ɗin Hiace, da Hilux. Har ta kai ana yaye yaro bai taɓa saita faifai a tsakiyar fulawil da hannunsa ba.

Matasan da suka dawo da feda ta uku

Wasan mota ba baƙo ba ne a Arewa, an daɗe ana yin sa a rakiyar amarya, an kuma daɗe ana kuka da shi. Abin da ya sauya a Abuja shi ne haɗuwar abubuwa da dama a lokaci guda. An faɗaɗa titin filin jirgi da na Kubwa zuwa layi goma. Fim ɗin The Fast and the Furious da ya fara fita a 2001 ya raini tsara guda. YouTube ya kawo garejin Japan da na Amurka cikin aljihun kowa. Tsofaffin BMW masu ja da tayoyin baya, E30 da E36 da E46, sun yi arha saboda masu iyali na gudun su. Matasa suka saye su, suka rabu gida biyu: masu juya mota a gicciye tana hayaƙi, da masu tseren miƙe daga tsaye.

Tseren miƙe yana da ma'auninsa a duniya, rubu'in mil, wato mita 402. A Kalifoniya Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, babban dalilinsa kuwa shi ne ya ɗauke matasa daga titi ya kai su fili mai doka. Mu a nan kayan tseren suka riga filin isowa. Aka fara ɗora turbo, aka fara cire injin BMW ana dasa 1JZ ko 2JZ na Toyota, ko 1UZ mai silinda takwas na Lexus LS400. Kulocin da aka yi wa E36 328i an yi shi ne don injin mai Nm 280. Ka ninka masa wannan ƙarfi, ka kai allura 5,000 ka saki feda, ba zai yi mako ba.

Sai kwalaye suka fara isowa a jakar matafiya: ACT, SPEC, Clutch Masters, Exedy, wani lokaci OS Giken. A jikin da yawansu an rubuta siteji 1, 2, 3, 4, kowane yaro kuma babbar lamba yake so. Shekarun da suka biyo baya su ne makarantarmu. Motoci suka riƙa dawowa suna kakkarwa a tashin farko, suna mutuwa a hawan Kugbo cikin gosulo, masu su na ɗingishi saboda taurin feda. Wasu suka dawo da karyayyen shaf. Kayan ba su da laifi, abin da aka ƙera su dominsa suke yi, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da muka fara ganewa shi ne lambar siteji ba ma'auni ba ce. Babu hukumar da ta tsara ta, siteji 2 na wannan kamfani na iya fin siteji 3 na wancan. Lambar da ke da amfani ita ce ƙarfin murɗawar da kulocin zai iya riƙewa.

Abin da gareji ya koya

Abu huɗu ne ke ba kuloci riƙo: kamun lainin, ƙarfin matsin murfi, faɗin faifai, da yawan fuskokin da ke gogayya. Faɗin faifai gidan giyabos ya riga ya ƙayyade shi. Saura uku, kuma kowanne ka ƙara akwai abin da za ka biya.

Lainin na gargajiya, na zare da danƙo, shi ne mai sauƙin kai. Yana kamawa a hankali, ba ya cin fulawil, amma in zafi ya yi yawa sai ya saki. Akwai ingantaccensa mai zaren tagulla da bayan ƙarfe, wanda ke jure zafi fiye da na kamfani. Na Kevlar yana daɗewa sosai, sai dai yana son fulawil mai sumul da doguwar sabawa, in kuma ya ƙone ya yi sheƙi da wuya ya dawo. Na siramik mai haɗin ƙarfe yana son zafi, yana kamawa da ƙarfi, amma ba shi da tsaka-tsaki, yana kuma cin fuskar fulawil da ta murfi. Na gasasshen garin ƙarfe kuwa na motar da ake kai wa fili a bayan tirela ne, ba shi da hurumi a titi.

Sai siffar faifan. Akwai cikakke mai zagaye, akwai mai kunnuwa shida ko huɗu. Mai kunnuwa yana tara matsi a ƙaramin wuri, shi ya sa yake cafka nan take. A tsere wannan alheri ne, a layin shiga Wuse kuwa azaba ce. A duba tsakiyarsa ma: mai sifirin yana shanye bugun farko kafin ya isa giya, marar sifirin yana miƙa shi gaba ɗaya. Wanda ya cire fulawil mai ɓari biyu ya sa dunƙulalle, dole faifansa ya zama mai sifirin, in ba haka ba babu sauran abin da ke kare giyabos.

Murfi mai tsananin matsi yana ƙara riƙo ba tare da an sauya lainin ba, amma ƙafa ce ke biya, da masta da silinda ta ƙasa, da kuma wani ɗan metal da ke tare karanshaf kada ya yi gaba. Duk takawa tana tura karanshaf, kuma mai bin hanyar Mararaba yana takawa sau ɗaruruwa kafin ya isa ofis. Fulawil marar nauyi shi ma yaudara gare shi. Yana sa injin ya tashi da sauri, amma nauyin da aka cire shi ne ke ajiye ƙarfin da mota ke buƙata ta bar wuri daga tsaye. A mota mai nauyi, matsakaicin fulawil na ƙarfe ya fi dacewa da titi da tseren miƙe duka biyu.

Saboda haka in yaro ya zo da hotonsa, nakan ce, “Ɗana, ajiye wayar tukuna. Injinka Nm nawa yake bayarwa, kuma a cikin kwana talatin, nawa ne na tsere?” Ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma babu kulocin da ya fi kowanne a gosulo ya kuma fi kowanne a fili. Amma akwai tsakiya mai kyau. A ɗauki ƙarfin injin a ƙara masa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Mai Nm 280 ya nemi kulocin da ke riƙe kimanin 350, kuma wannan cikakken faifai mai ingantaccen lainin na zare, mai sifirin a tsakiya, da murfi mai matsakaicin tauri ya ishe shi. Mai turbo da ya kai 450 yana buƙatar wajen 560. A nan hanya ta rabu biyu: ko cikakken faifai mai siramik da sifirin, ya haƙura da 'yar kakkarwa, ko kuma mai faifai biyu. Mai faifai biyu yana da fuska huɗu maimakon biyu, don haka yana ba da riƙo mai yawa da feda mai laushi. Ya fi tsada, wani yana 'yar ƙara in an taka, amma ga motar da ke aiki biyu shi ne ya fi kusa da biyan buƙata.

Taya ma tana cikin lissafin. A kwaltar Abuja mai ƙura, musamman da hunturu, tayar titi ce ke fara zamewa, ita ke ceton kuloci da shaf ba tare da mai motar ya sani ba. Ranar da ya sa taya mai danƙo, bugun zai nemi wani wurin fita. In kulocin ya fi kowa ƙarfi, to shaf ne ko difaransha ko haƙorin giya zai karye. Faifai shi ne mafi arha a wannan jeri, kuma gara shi ya ɗan zame da a sauke giyabos a tsinci ƙarfe a cikin mai. Manyan motocin Top Fuel na Amurka, waɗanda babu kamarsu a ƙarfi, da gangan ake saita kulocinsu ya zame a farkon tafiya sannan ya kama a hankali.

Sauran aikin na hannun bakanike ne. A wanke fuskar fulawil a inji ko a sauya shi, a sa sabon boris, a duba yoyon mai, a ɗaure kusoshi da ma'auni, a fitar da iska daga layin man kuloci. BMW E46 na da wani ɗan bawul a wannan layi da ke jinkirta sakin feda, wanda ke ƙara zamewa a tashin tsere, murfinta kuma mai saita kansa ne da ke buƙatar kayan aiki na musamman. Bayan an ɗaure, sai sabawa: yawancin masu ƙerawa na neman kimanin kilomita 800 na tuƙin gari a hankali. Zuwa Kano da dawowa zai cika adadin a mita, amma ba ya shiga lissafi, domin ƙafa ba ta aiki a doguwar hanya. Da yawa daga cikin faifan da aka kawo mini ana cewa jabu ne, a daren da aka ɗaura su aka kai su tsere.

Kuskure ya yi tsada yanzu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2023 kuma aka cire tallafin mai aka saki naira, duk abin da ake saya da dala ya yi tashin gwauron zabi. Wanda a da zai sayi kuloci biyu ya gwada, yau ɗaya zai iya, dole ya zaɓa daidai tun farko.

Abin da ya rage

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa wa matasa ba. Fulawil na zubi da ya sha zafi ya tsattsage yana iya tarwatsewa a babban juyi, kuma a motar da ke ja da baya, gidansa na dab da ƙafafun direba. A 1970 giyabos ya fashe wa Don Garlits a filin Lions da ke Kalifoniya, ya raba motarsa biyu, ya tafi da wani ɓangare na ƙafarsa. Darussa irin wannan ne suka sa filayen tsere ke tilasta fulawil da garkuwa masu shaidar inganci ta SFI ga motoci masu ƙarfi. A titin Abuja babu mai dubawa, kuma wanda ke tsaye a gefen hanya bai sa hannu a kan komai ba. Iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa wa ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ne a awa, motar da aka gyara kuwa tana wuce shi tun kafin ta cinye mita 402. Titin filin jirgi ba wurin wannan ba ne, ko da ƙarfe biyun dare.

Rashin fili yana tauye ilimin ma. A inda ake tsere da tsari, ana auna lokacin da mota ta ɗauka a mita 18 na farko, da wannan lamba ake gane ko kuloci ya cafka da wuri ko ya zame da yawa. Mu da kunne da warin lainin muke aiki. Jihar Edo ta samu filin tsere a Evbuobanosa. Arewa ta haifi Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt, ya kuma shugabanci hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a nan Abuja. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba, kuma birnin da ke da fili har Kuje da Kwali ba zai rasa miƙaƙƙiyar kwalta mai kilomita ɗaya da shinge da motar asibiti ba. An daɗe ana maganar mayar da masu sana'ar Apo zuwa Wasa. Ina kira ga ƙungiyarmu ta NATA da ƙungiyoyin matasan da ke wannan wasa su haɗa baki su nemi Hukumar Babban Birnin Tarayya ta sa filin gwaji da tsere a cikin wannan tsari, da sharaɗin duba kowace mota kafin ta shiga. Yaran nan ba za su daina ba, kuma mu da muke ɗaura musu kayan muna da haƙƙin ganin sun yi shi a inda ba za su kashe kansu ko wani ba.